Shere, Assop ko Farin Ruwa: ina zan kai iyalina daga Jos, kuma a wane wata?

Tambaya: Wata huɗu ke nan da aka yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Jos. Tun da na zo abokan aiki ke ba ni labarin duwatsu da matsirgar ruwa da ke kewaye da garin. Ina so in fita da maiɗakina da 'ya'yanmu uku (babban shekararsa 13, autar 6) da ƙanena, a ƙaramar mota, mu je mu dawo a yini ɗaya. Ina ya fi dacewa, wane lokaci, kuma yara za su iya shiga ruwan?

Amsa: Malam, barka da zuwa Jos, Allah ya sa ka zo a sa'a. Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a garin nan, kuma kusan duk shekara sai na fita da ɗalibai waɗannan wurare, don haka abin da zan gaya maka da ƙafata na taka shi.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce ba na so ka karanta amsarta a gurguje. Kada yaran su shiga gurbin da ruwa ke faɗowa, a kowace matsirga, a kowane wata. Kai ma kada ka shiga, haka ƙanenka, ko da ya iya iyo kamar kifi. Su tsoma ƙafa a gefe, inda ruwa ke gudu sannu a kan tsakuwa bai wuce idon sawu ba, babba na tsaye kusa da su. Wannan ya ishe su wasa, kuma za su dawo gida da labari.

Ga dalilina. Kano ba ta kai mita 500 daga saman teku ba. Jos ta haura mita 1,200, ƙololuwar duwatsun Shere kuwa mita 1,829 ce. Wato garin nan a kan wani makeken tebur na dutse yake zaune, kuma duk ruwan da ya sauka a kansa dole ya nemi hanyar gangarawa. Wani ya bi kogin Kaduna zuwa Kwara, wani ya bi Gongola da Mada zuwa Binuwai, Dilimi da ya ratsa tsakiyar gari kuma ya nufi Jama'are, daga can Yobe, har Tafkin Chadi. Inda waɗannan rafuka suka iso bakin tebur ɗin suka faɗa, nan ne matsirgar da ake ba ka labari. To ƙasar da ke saman duwatsun nan ba ta da kauri, dutsen da ke ƙarƙashinta kuma ba ya shan ruwa. A ƙasar yashi irin ta Kano ruwan sama yakan nitse kafin ya taru. A nan kuwa ana yin sa yake zubawa cikin kwazazzabai gaba ɗaya. Shi ya sa za ka iya zama a gindin matsirga rana na haska ka, babu ko ɗigon hadari a samanka, alhali an tafka ruwa a can sama inda idonka bai kai ba, yana tafe.

Na ga wannan da idona wata shekara cikin Satumba a Assop. Ɗalibai sun baje a kan wani falalen dutse a tsakiyar rafi suna cin abinci, gari garau. Wani dattijo da ke dawowa daga gona ya tsaya a kan gangare ya ɗaga murya: "Malam, kwashe yaran nan daga kan dutsen, ruwa ya canja." Na duba, ni ban ga komai ba sai ɗan ja-ja da ruwan ya yi da 'yan ganyaye da ƙirare suna wucewa. Muka hau sama. Ba a yi minti goma sha biyar ba ruwa ya shafe dutsen nan, ya tafi da kular abinci da takalmin yarinya ɗaya. Tun daga ranar abu uku nake sa kowane ɗalibi ya haddace kafin mu sauka daga mota: in ruwa ya fara ja, in ya fara ɗauko shara, ko in ƙararsa ta yi kauri, a hau sama nan take, ba a tsayawa tattara kaya.

Shi kansa gurbin yana da nasa makirci ko babu ambaliya. Farin kumfan da ke burge mutane a hoto iska ce ta gauraye da ruwa, kuma ruwan da ya cika da iska ba ya ɗaukar jiki yadda ruwa kwantacce ke ɗauka, sai mai iyo ya ji yana nitsewa yana ta bugu a banza. Ruwan da ya faɗo daga sama yakan daki ƙasa ya murɗo ya dawo gindin dutsen, ya riƙa mayar da mutum inda ya fito. A ƙasa akwai ramuka tsakanin duwatsu da ke riƙe ƙafa. Ga sanyi, mai sa jijiya ta ɗaure. Sannan gansakuka: dutsen da feshin ruwa ke taɓawa kullum santsinsa ya fi na sabulu, kuma yawancin raunin da na gani a wuraren nan daga mai neman matsawa taku ɗaya don hoto ya fito.

Yanzu batun lokaci, wanda a ganina ya fi zaɓen wuri muhimmanci. Damina a Jos takan faɗi tun Afrilu, ta kai Oktoba, kuma ruwan da ake samu a shekara ya kai kimanin milimita 1,400, ya fi na Kano nesa ba kusa ba. Yuli da Agusta marka ce. Mutane da yawa a lokacin suke ɗokin zuwa, wai su ga ruwa da ƙarfinsa. Ƙarfin nasa kam za su gani, amma ruwan ja ne, hanyar sauka laka ce, hazon damina na iya rufe dutse cikin ɗan lokaci har ka kasa gane ta inda ka hau. Ba na kai yara a waɗannan watanni. Lokacin da nake ba kowa shawara shi ne daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba. Ruwan sama ya ɗauke, amma ƙasa na ci gaba da tsatso abin da ta sha, don haka matsirga a cike take kuma ruwanta ya tace ya yi fari. Ciyawa ba ta bushe ba, ana girbin acca a gonakin da ke jikin duwatsu, hazon hunturu bai sauko ba, sararin sama tas. In ka tsaya a kan Shere da safiyar Nuwamba za ka hango gari a shimfiɗe kamar an zana.

Disamba da Janairu sun dace da hawan dutse, domin ƙasa a bushe take, sai dai hazo kan ɗauke maka abin da ka hau don ka gani, kuma sanyin asuba a nan ba irin wanda ka saba da shi ba ne, a sa wa yara rigar sanyi da hula. Fabrairu da Maris ruwa ya ja baya ƙwarai, an ƙone daji, wanda ya je matsirga a lokacin yakan dawo yana cewa an zuzuta masa. Afrilu da Mayu gari ya fara kore, amma hadarin farkon damina shi ya fi zuwa da iska da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara, kuma yawanci da rana tsaka zuwa la'asar yake tasowa daga gabas. Kan dutse ba wurin zama ba ne in ana walƙiya. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga, kowane daƙiƙa uku kafin ka ji cida kusan kilomita ɗaya ne tsakaninku. Ni dai da na ji cida, komai nisanta, juyawa muke.

Fitarku ta farko kada ta zama ta ruwa. Ku fara da Shere, wajen kilomita goma gabas da gari, ta hanyar Lamingo. Kusa take, in wani abu ya faru asibiti ba nisa, kuma a nan za ka gane ƙarfin kowa a cikin iyalinka kafin ka kai su nesa. Wanda ya saba hawa Dala ko Goron Dutse kada ya ɗauka irinsu ne. Shere jerin duwatsu ne, wani bayan wani, ka hau ɗaya ka tarar da kwari a gabanka da wani dutsen da ya fi shi. Narkakken dutse ne da ya daskare a cikin ƙasa sama da shekara miliyan 150 da suka wuce, ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ya rufe shi har ya fito fili. Zafin rana da sanyin dare suna sa bayansa ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa, shi ya sa za ka ga manyan duwatsu mulmulallu an ɗora wani kan wani kamar da hannu aka jera. Akwai wasu guda biyu da ake kira Gog da Magog, wato Yajuju da Majuju, matasan gari na yawan zuwa can.

A gindin duwatsun akwai makarantar gwamnatin tarayya ta horar da shugabanci da zama ɗan ƙasa nagari, wadda aka fi sani da Man O' War. Asalinta a 1951 aka kafa ta a bakin teku kusa da Victoria, Limbe ta yanzu a Kamaru, daga baya aka dawo da ita Filato. Malamanta hawan dutse ne sana'arsu. Ka je can tun kafin ranar, ka yi sallama, ka nemi wanda zai raka ku, ko kuma ka nemi ɗan rakiya daga ƙauyukan Afizere da ke wurin ta hannun mai unguwa. Da ɗan gari kan ci gari. Hanyoyin nan ba su da alama, sawun awaki da na masu itace ya cakuɗe da na masu hawa, kuma duwatsun suna kama da juna in ka juyo. Ku yi ciniki da shi tun a ƙasa, ka gaya masa akwai 'yar shekara 6, shi zai san ta inda zai bi da ku.

Ku fara taku da ƙarfe bakwai na safe. Babban mutum mai lafiya yakan yi kilomita huɗu a awa ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da yara a kan dutse ka raba wannan biyu. Tun da wuri ku yanke lokacin juyowa, a ce ƙarfe goma da rabi, ko an kai inda ake so ko ba a kai ba. Mai rauni a cikinku shi ne zai yi gaba bayan ɗan rakiya, ƙanenka ya tsaya a baya, kada kowa ya ɓace wa idon na bayansa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne saukowa ta fi hawa wuya. An gaji, gwiwa na rawa, ana ɗokin mota, tsakuwar da ke kan dutse kuma tana gangarawa ƙarƙashin takalmi. Inda ya yi tsayi a zauna a sauko da mazaunai, babu kunya a ciki. Ƙololuwar kuwa ka bar ta sai wata rana, kai da ƙanenka da babban yaron, in kun riga kun gwada kanku sau biyu ko uku.

Saboda autarku zan ƙara maka wuri ɗaya da mutanen Jos da yawa ba su taɓa shiga ba: dajin Amurum a Laminga, kimanin kilomita 15 daga gari. A nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos. Daji ne ƙarami, mutanen Laminga sun daɗe suna tsare shi bisa al'adarsu, kuma an ƙirga tsuntsaye iri wajen 300 a cikinsa. Akwai wani ɗan jan tsuntsu da ke zama a tsakanin duwatsu, wanda sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ne na daban. Yana da wani maƙwabci, shi baƙi mai sheƙi, da ba ya yin sheƙa: macensa takan saka ƙwai a sheƙar jan, jan ya ƙyanƙyashe ya raina, ɗan kuma ya tashi yana rera kukan wanda ya raine shi. Na ga yaran da ba sa iya zama wuri ɗaya sun yi tsit rabin awa suna jiran su gan shi. Wurin bincike ne, don haka a nemi izini tukuna, a je da sassafe, a rage murya.

Fita ta biyu ita ce ta ruwa, kuma Assop nake nufi. Daga Jos ka bi Bukuru zuwa Mararrabar Jama'a, ka ɗauki hanyar Abuja. A Riyom, wajen kilomita 25 daga gari, za ka ga dutsen nan da ake bugawa a kalanda, wanda wasu ke cewa ya yi kama da taswirar jihar Filato. Ku tsaya ku kalla, minti ashirin ya isa, ba na hawa ba ne. Daga nan sai Hawan Kibo, inda hanya ke sauka daga kan tudun Filato. A nan ina roƙonka ka natsu. Gangara ce mai tsawo da lanƙwasa, kuma ta ci rayuka da yawa. A duba maka birki da tayoyi kafin ranar. Ka sa mota a giya ta biyu ta riƙe kanta, kada ka danne birki tun daga sama har ƙasa, domin in ya yi zafi yakan saki. Kada ka tsaya a gaban tirela, kada ka wuce mota a kwana. Ka ce wa yara su lura da kunnuwansu, za su ji sun toshe sun buɗe, su kuma lura da yadda iska ke ɗumi kuna sauka. Duk mita dubu da aka sauka zafi kan ƙaru da kusan digiri shida.

Assop na gindin wannan gangara, kusa da titi, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu daga Jos in hanya ta yi kyau. Wannan kusancin da titi shi ya sa na zaɓa maka ita: ƙaramar mota za ta kai, kuma tafiyar ƙafa ba ta da yawa. Kafin ka ga ruwan za ka ji ruguginsa. Kana fitowa daga fili mai ciyawa da rana sai ka shiga kurmi, itatuwa dogaye sun haɗe a sama, sanyi ya buso, ƙasa ta yi danshi, ga ruwa fari yana dirowa tsakanin baƙaƙen duwatsu. Ku nemi busasshen wuri a sama da ruwan ku shimfiɗa tabarma, wurin da in ruwa ya ƙaru ba sai kun tsallaka rafi za ku fita ba. Wannan sharaɗin na ƙarshe ka riƙe shi da kyau. Kada ku taɓa yin masauki a tsallake ko a tsakiyar ruwa.

Akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo a wurin, a ruwa mai gudu suke hayayyafa. Su ne ke ɗauke da cutar makantar kogi, kuma shekaru masu yawa masu bincike na zuwa Assop kama su. Bayan dogon rabon magani, a 2018 aka sanar an katse yaɗuwar cutar a jihohin Filato da Nasarawa, don haka hankalinka ya kwanta. Cizon dai yana nan da ƙaiƙayinsa, kuma ƙafa suka fi nema, a sa wa yara dogon wando da safa. Ruwan rafin a yi alwala da shi, amma kada a sha, ya ratso ƙauyuka da gonaki da mashayar shanu kafin ya iso. Ku riƙe tsabar kuɗi na shiga da na ɗan rakiya, domin sabis na iya ɗaukewa.

Za a ambata maka Kurra a ƙaramar hukumar Barikin Ladi da Kwall a Bassa. Suna da tarihi: a shekarun 1920 aka fara samar da lantarki daga ruwansu don haƙar kuza, kamfanin lantarki na NESCO da aka kafa a 1929 kuma a Kurra ya kafu. Wurare ne na aiki, da madatsai da injuna, shiga sai da izini, kuma ba nan zan fara kai baƙo da iyali ba. Matsirga ta Madakiya kusa da Kafanchan, wadda sunanta ma kalmar Hausa ce, tsayinta wajen mita 30, tana da kyau sosai, amma zuwa da dawowa zai cinye muku yini a mota. Farin Ruwa kuwa ita ce sarauniyarsu, kimanin mita 150 take faɗowa daga bakin tudun Filato zuwa ƙasar Wamba a jihar Nasarawa, tun daga nesa ake hango ta kamar farin zane an rataye a jikin dutse. Ina so ka gan ta wata rana. Sai dai daga Wamba akwai sauran kusan kilomita 30 na hanyar da ba ta ƙaramar mota ba ce, sannan tafiyar ƙafa. Tafiyar kwana ce, da mota mai tsayi, da manya.

Akwai wani ruwan da ba ka tambaye ni ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro saboda yana bakin gidajenmu: kududdufan kuza. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka yi ta haƙa a ƙasar nan, suka bar ramuka birjik a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, ruwa ya cika su. Za ka gan su kwance shuɗi ko kore, babu igiya babu ƙara, ga jan tudun ƙasa a gefe, yaro ya ɗauka tafki ne irin na ƙauyensu. Ramin haƙa ba ya gangarawa sannu. Taku biyu daga baki sai zurfi, gefensa yumɓu ne mai zamewa, ƙasansa laka ce mai riƙewa, ruwan ƙasa kuma sanyi ƙarara ko da na sama ya yi ɗumi. Ka zaunar da babban yaronka ka yi masa wannan bayani ido da ido, domin abokan makaranta ne za su ja shi can ranar da ba ka nan.

Batun tsaro ba zan ɓoye maka ba. Ƙananan hukumomin Riyom da Barikin Ladi da Bassa da Bokkos da Mangu sun sha fama da rikici da hare-hare, kuma wurin da yake lafiya wannan makon yana iya canjawa mako mai zuwa. Jama'ar ƙauyukan nan, Birom da Afizere da Irigwe da Fulani da Hausawa, na sha cin abincinsu na sha ruwansu, mutane ne masu karɓar baƙo. Amma baƙo ba ya sanin abin da ya kwana a gari. Daren tafiya da safiyarta ka kira wanda ke zaune a yankin, ka kuma tambayi direbobin tasha da ke bin hanyar kullum. In aka ce maka "a ɗan dakata", ka dakata, dutse ba ya gudu. Ka riƙe katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro, ka bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin dawowarku. In kun isa ƙauye a fara da gaisuwa. Kada a ratsa gona, kada a ɗauki hoton mutum ko shanunsa ba izini, in an ce wancan kurmin ko wancan kogon ba a shiga, to ba a shiga.

Kaya ba su da yawa. Takalmi sau-ciki mai tauri a ƙasa ga kowa, har da Hajiya, silifas a bar shi a mota. Ita ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, hijabin ya zama wanda ba ya jan ƙasa ko kama ƙaya, domin hannu biyu ake so a sake. Ruwan sha lita biyu ga kowane babba, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, lemo, abin da ba ya lalacewa. Hula, tocila, bandeji, da leda ta kwaso shararku. Sanyin Jos na ruɗin mutum ya manta yana gumi, don haka a riƙa ba yara ruwa ko ba su nema ba. Kada a fesa turare ranar, akwai zuma a kogunan duwatsu. Ka nuna wa yara ƙerana, itacen nan mai ƙaya da ake shinge gidaje da gonaki da shi, ka ce kada su karya, farin ruwanta in ya shiga ido masifa ne. Kada kuma a cusa hannu a ramin dutse ko ƙarƙashinsa don neman rema, nan kasa da kububuwa ke fakewa. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa mota, a nufi babban asibiti kai tsaye.

In ni ne kai, Asabar ta ƙarshen Oktoba zan kai su Shere ko Amurum mu dawo kafin azahar. Bayan mako biyu, in labarin hanya ya yi daɗi, mu bar gida ƙarfe bakwai da rabi, mu tsaya Riyom, mu isa Assop da hantsi, mu ci abinci mu yi azahar a can. Ƙarfe biyu da rabi a naɗe tabarma, ko yara na roƙon a ƙara minti goma, domin a haye Hawan Kibo da sauran rana a sama, la'asar ta same ku a Bukuru.